Mai Ba da Waƙa a Bayan Teku

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar da na tsaya a bakin ruwa a Oron, can kudancin Najeriya, ba. Ni ce fa Rifkatu Maman Saratu, mai ba da waƙa a zumuntar matan majami'armu ta Kafanchan, wadda ta yi shekaru tana ɗaga murya a kan teku kamar a bakinsa aka yanke mata cibiya. Alhali a Kwoi aka haife ni, cikin gonakin citta, kuma ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne na Matsirga. Da na ga wannan ruwa ya tafi har ya haɗu da sama, sai na kama hannun Madam na ce, "Wannan ne tekun?"

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Wane teku! Wannan bakin kogi ne kawai, Mama Saratu. Teku yana gaba. Za ki gan shi, za ki gaishe shi."

Madam, wato Maman Ngozi, Inyamura ce da aka haifa a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a Kafanchan, don haka Hausa a bakinta ta fi tawa gudu. Tana da gidan abinci a Gabon, kuma duk Kirsimeti sai ta zo gida da sarƙa a wuya. Ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, jirgin ƙasa ya fara mutuwa, garin yana binsa a hankali. Maigidana ya rasu, ɗinkin da nake yi ba mai kawowa. Sai Madam ta ce akwai keken ɗinki mai lantarki yana jirana a Libreville, babban birnin ƙasar, matan can ba su da tela. Na bar Saratu a gidan yayana, na bar Mama a Kwoi tana tsaga citta, na bi ta.

Sai na faɗi yadda waƙa take a wurinmu, in ba haka ba labarin nan ba zai shiga ba. Mai ba da waƙa takan ɗauki aya daga Littafi Mai Tsarki, ta yi ta juya ta a baki tana daka ko tana wanki, har ta sami murya. Ranar zumunta ta ba da layi ɗaya, ta yi shiru, mata su amsa, tulu da caki suna tafe. Rabin waƙar nata ne, rabi nasu. Ba a taɓa jin mai ba da waƙa ta amsa wa kanta ba, sai dai in ta taɓu. Cikin waƙoƙina akwai wadda na ɗauko daga wata Zabura, ita aka fi so a biki da makoki. Ni in ce, "In na tashi da asuba na gudu bayan teku," mata su ce, "Kana can, Uba, kana can."

Jirgin da muka shiga babban kwalekwale ne na katako mai inji a baya. An loda buhunan garin rogo da robobi, sannan aka loda mu a kansu. Da muka fita bakin kogin na gane abin da Madam take nufi da gaisuwa. Ruwa ya ɗaga mu ya sauke, ya ɗaga ya sauke, rana tana dukan kanmu, gishiri yana cin leɓe. Da igiyar ruwa ta fara shigowa ciki sai kowa ya kama Allahnsa da yarensa. Ni kuma abin da na iya ke nan, na buɗe baki na ba da waƙata da iyakar ƙarfina, na yi shiru ina jiran amshi.

Ba wanda ya amsa. Wa zai amsa? Madam, wadda dama majami'ar Turanci take zuwa, kanta yana cikin roba tana amai. Sauran ko kallona ba su yi ba. Na sake bayarwa, na sake jira, sai ƙarar inji. Tun ina yarinya ban taɓa ba da waƙa ta faɗi ƙasa ba. A cikin wannan shiru ne tambaya ta shige ni, ta kuma zauna: da gaske Yana can ɗin, ko kuwa bakin matan Kafanchan ne kawai yake faɗa? Da wannan tambaya na sauka Gabon, da Littafina da ruwan gishiri ya jiƙa har tsakiyarsa ya manne ya zama dunƙule ɗaya.

Ba a tashar jirgi aka sauke mu ba, tunda ba mu da takarda. A cikin wata laka aka zubar da mu da sassafe, muka yi ta tafiya tana kama mu har gwiwa. Takalmina ɗaya yana can har yau. A bakin wata bukka wata tsohuwa mai ƙyafe kifi ta dube ni, ta yi wata magana da ban ji ba, ta miƙo mini ruwa da wani curin rogo naɗe a ganye. Warinsa kaɗai ya isa ya kori baƙo. Na cinye shi tas, na lashe ganyen. Ta zuba ruwa a ƙafata ta wanke lakar da hannunta, kamar ta san uwata.

A Libreville na tambayi keken ɗinki. Madam ta ce yana hanya. Kafin ya iso, in ji ta, in ɗan taimaka a bayan gida. Abin da na tarar a bayan gida turmi ne da taɓarya, da tulin kwanoni. Keken nan dai har na bar ƙasar yana hanya. Fita kuwa babu, don wanda ba shi da katin zama, ɗan sanda ya gan shi ya ga nama. Iyakata kicin, bakin famfo, da ƙofar baya inda wani tsoho Bazazzagi, Malam Sule, yake gasa tsire. Ya daɗe a ƙasar har Faransanci ya kama bakinsa. Ranar da ya ji na yi tuntuɓe na ce "wayyo", ya ajiye wuƙa ya ce, "A'a, 'yar gida ce? Daga ina?" Na ce Kafanchan. Ya ce, "To ai ke ƙanwata ce." Na koma kicin na yi kuka, don an yi mini Hausa ba da tsawa ba.

Ran Lahadi Madam takan ɓoye ni a tasi ta kai ni majami'arsu ta 'yan Najeriya. Mutanen kirki ne, ban ce ba. Amma waƙarsu kowa yakan fara tare ne ya gama tare, ba mai jiran wani, ga jita ga amsa-kuwwa. Ina tsaye cikinsu kamar wadda ta zo biki ba a gayyace ta ba. Zanen zumuntata, ankon da muke ɗaurawa, yana ƙasan jaka, ban ga ranar ɗaura shi ba.

Abin da ya fi karya ni citta ce. Wata rana Madam ta sayo busasshiya a kasuwa, na zazzage a tire, sai na ga tsagar. Tsagar gida ce, a tsaye, gida biyu daidai, yadda matan Kwoi suke yi. Na san ba lallai wuƙar Mama ce ta bi ta kanta ba, amma wa zai hana ni zato? Na kai hanci, sai ga Kwoi a watan Disamba: duwatsu da bakin hanya duk an shanya citta, Mama a kan kujera 'yar tsugunne, yatsunta sun yi baƙi, tana yi mini faɗa da Jabanci wai muryata ta fi aikina yawa. Na ɓoye ɗaya a bakin zanena. Ina daka ina ba da waƙa ƙasa-ƙasa, taɓarya tana cike mini wurin amshi, amma taɓarya ba ta san Allah ba.

Kirsimeti ya zo, Madam ta tafi gida ita kaɗai. Ta ce dole wani ya tsare gidan abincin, baɗi sai ni. Ranar bikin Malam Sule ya turo mini tsire a takarda, ya ce, "Yau sallarku ce, ki ci nama." Na ci ina tunanin yadda ake zagaya gari da ganga gida-gida, da wadda ta karɓi wurina a gaban mata. Ina fata dai ba Asabe ta zumuntarmu ba ce, don muryarta kamar ƙofar kwano.

Da Madam ta dawo na tare ta tun daga bakin ƙofa. "Yaya gida? Yaya Saratu? Kin je Kwoi?"

"Kowa lafiya," in ji ta, tana kwance kaya ba ta dube ni ba. "Mamanki ya ce ki rike aiki da kyau."

Na riƙe aiki da kyau har watanni suka shige. Rannan da rana tsaka wani ɗan kasuwa mai kayan mota, Mista Emeka, wanda shagonsa yake kusa da tashar Kafanchan, kasuwanci ya kawo shi Gabon, ya shigo cin abinci. Na kawo masa ruwan wanke hannu. Da ya gane ni sai ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya haɗa hannu biyu.

"Mama Saratu, sannu da hakuri. Ban samu na zo gaisuwa ba. Allah ya ba da hakuri."

Na ce, "Hakurin me?"

Ya dubi Madam, Madam ta dubi ƙasa. Robar ruwan ta faɗi daga hannuna. Daga bakinsa na ji: tun kafin Kirsimeti Mama ta kwanta, kwana kaɗan bayan bikin ta tafi. An binne ta a Kwoi, a bayan ɗakinta. Ni da na raka iyayen mutane da yawa da waƙa har bakin rami, tawa uwar an rufe ta ina nan ina daka wa baƙi sakwara.

Abin da na faɗa wa Madam a ranar ba na rubutawa ba ne. Masu cin abinci sun bar kwanoninsu. Ita kuwa cewa ta yi, "In na fada miki, za ki tashe shi? Kati babu, jirgi babu. Za ki shiga ruwa ki mutu ne kawai. Abeg, ki yi tunani." Wataƙila akwai gaskiya a ciki. Amma ni na san gidan abincinta take tsoron ya rasa mai daka.

Daga ranar na rufe baki. Ba na yi mata magana sai da hannu, ba na waƙa, ba na addu'a. Littafi kuwa ina buɗewa, amma wuri ɗaya, Zaburar nan ta bayin da aka kwashe zuwa baƙuwar ƙasa, suka zauna a bakin kogi suka rataye kayan kiɗansu a itace, suka ce ba za su yi waƙar Ubangiji a ƙasar wasu ba. Na ce madalla, ga 'yan'uwana. Ashe ba ni na fara ba, a rubuce ma yake. Na faɗa wa Allah a zuciyata: a jirgi ban gan Ka ba, a kicin ɗin nan ban gan Ka ba, uwata ta tafi ba Ka ko taɓa ni a mafarki ba. Iyakarka Kafanchan, can na baro Ka.

Malam Sule ne ya lura. "Ƙanwata, turminki ya yi shiru," in ji shi wata safiya yana hura gawayi. "Da ina jin 'yar murya tana bin taɓarya." Na ce murya ta mutu. Ya ce, "Ni ban san littafinku ba. Amma mai kauri ne, na gani. Ba zai zama shafi ɗaya ne a ciki ba." Na harare shi na shige.

Ana nan sai Madam ta faɗi a bakin murhu. Hawan jini ne, rabin jikinta ya shanye, bakinta ya karkace. Aka kai ta asibiti aka dawo da ita. Mutanen majami'arta suka zo suka yi addu'a har kwanon rufi yana amsawa, suka tafi, don kowa yana da nasa neman. Wasu 'yan mata da suke taya ni wanke kwanoni suka watse. Ya rage ni da ita. Nakan tura mata abinci daga bakin ƙofa da ƙafa, in juya. Ɗakin ya fara wari, ina ji, ina wucewa. Ba zan yi ƙarya ba, a lokacin daɗi nake ji.

Wata rana da hantsi, ba ciniki, na ɗora ruwa a wuta. Ina kallon tururi sai maganar tsohon nan ta dawo mini. Na ɗauko Littafin, na riƙe dunƙulen da ya manne a kan tururin, na sa bakin wuƙa a hankali ina raba shafi da shafi. Wasu suka yage. Zaburar da na ɗauko waƙata a ciki ta fito, gishiri ya yi mata zane, amma tana karantuwa.

Sai na ga ashe ban taɓa karanta ta duka ba. Ayar teku na tsinka na gudu da ita, don ta yi daɗi a baki. Kafin ita, mai Zaburar ya ce ko a kabari ya shimfiɗa gadonsa, Allah yana wurin. Na tsaya a nan na daɗe. Wato a bayan ɗakin nan na Kwoi, ranar da ban je ba, akwai Wanda ya je. Na kuma duba sama da ƙasa, ban ga inda aka yi alkawarin za a sami masu amshi a bayan teku ba. Mutumin nan shi kaɗai yake magana, ba tulu ba caki, kuma bai jira kowa ya tabbatar masa ba. Ni ce na ɗaure Allah a bakin mata, har in ba su faɗa ba sai in ce ba Ya nan.

Da na gangara ƙasa sai na ga mutumin ya hau fushi, yana faɗin yadda ya ƙi maƙiyansa ƙi na ƙarshe. Na ce yawwa, faɗa musu! Ban gama murna ba sai ya juya a aya ta gaba, ya ce Allah ya bincike shi shi kansa, ya duba ko akwai muguwar hanya a cikinsa. Na rufe Littafin da haushi. Warin ɗakin Madam yana iso ni har kicin.

A zumunta, in mace ta kwanta ciwo, ba ma zama mu tambayi halinta. Akwai masifaffu a cikinmu, akwai masu gulma, duk mun wanke su. Mukan ɗaura zanenmu, mu ɗauki tsintsiya da sabulu da kunu, mu tafi. Na zazzage jaka na ciro zanen, ya yi warin ajiya. Na ɗaura. Na juye ruwan zafin a bokiti na shiga ɗakin Madam.

Na buɗe taga, na share, na cire zanin gadon, na ɗaga ta. Matar da take cika ƙofa ta zama ba nauyi. Na wanke ta tun daga wuya har tafin ƙafa, na shafa mata mai, na dama kunu da 'yar citta na ba ta a cokali. Rabi yana shiga, rabi yana bin gefen baki, ina sharewa. Idonta yana kan zanena.

"Mama Saratu," ta ce, maganar tana fita da ƙyar. "Yi mini wakan nan naki. Na teku."

Wannan ce maganar farko da na yi mata tun ranar Mista Emeka. "Ba a yin shi mutum daya. Babu mai amshi."

"Na iya amshin."

"A ina kika iya? Cocinku ba a yi."

Ta rufe ido. "A Kwoi. Na je jana'izan."

Cokalin ya tsaya a hannuna. Ashe har bakin ramin ta je, ta dawo ta dube ni ta ce kowa lafiya. Na ji kamar in kife mata kofin a fuska. Amma duk ƙasar Gabon ita kaɗai ce ta ga yadda aka rufe uwata, kuma akwai abin da yake cina tun ranar da na ji. Na ajiye kofin.

"Wa ya ba da wakan?" na ce. "Asabe?"

Ta girgiza kai. "Ba wanda ya bayar."

"Ba a yi wa Mama waka ba?"

"An yi. Matanku sun zo daga Kafanchan, mota cike, duka da wannan zane. Fasto ya ce wani ya tashi ya ba da waka. Suka ce a'a, wannan na Rifkatu ne, a gaban mamanta ba mai taba shi." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Sai suka fara buga tulu. In wurinki ya zo, su yi shiru, tulu kawai. Su jira. Sai su amsa. Haka suka yi ta yi har aka gama rufe kasa. Ni ban taba jin abu haka ba. Shi ya sa na kasa fada miki."

Na zauna a bakin gadon. Ina ganinsu ɗaya bayan ɗaya, har Asabe da na raina, tsaye a rana a bayan ɗakin Mama, sun bar mini wurina. Kewar gida ta taso mini. Na jawo bokitin da na yi mata wanka, na zubar da sauran ruwan ta taga, na kife shi a cinyata na fara bugawa da tafin hannu. Muryata ta fito kamar ba tawa ba.

"In na tashi da asuba na gudu bayan teku."

Na yi shiru. Madam ta yi ta kokawa da leɓenta, har na zaci ba zai fito ba. Sannan, da rabin bakin da ya rage mata, ba a kan murya ba, ba a kan kiɗa ba, matar da ta cuce ni ta ce, "Kana can, Uba, kana can."